Yadda Injiniya Ya Haɗa Bes da Miksa

Duk wanda bai taɓa ganin Injiniya yana haɗa waya ba, to bai san abin da ake kira ilimi ba. Mutum ne da Allah Ya yi wa baiwar kunne, kuma bai ɓoye baiwar ba, don a ganinsa ɓoye ni'ima butulci ne. A jikin motarsa an rubuta Kunnen Zinare. A bayan rigarsa an rubuta Kunnen Zinare. A kan akwatin miksarsa, na'urar da ke haɗa sautin makaɗa, nan ma haka, ko da wani zai manta tsakanin mota da akwati. Sunan kuwa ba shi ya raɗa wa kansa ba, in ji shi, jama'a ne suka matsa masa lamba. Har yau dai ba a sami ko mutum ɗaya da ya tuna ranar da aka yi matsin ba.

Injiniyancin nasa ya samo asali ne daga wani kwas na kwana uku da masu sayar da lasifika suka shirya. Kwana biyu ya halarta, domin a rana ta uku malamin ya fara maimaita abin da shi ya riga ya sani. Kafin nan gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, amma wannan tarihi ne da ba a tayarwa a gabansa. Ƙanwarsa ce kaɗai ke da ƙarfin halin tunawa, ita ma sai ta tabbatar ƙofar ɗaki a rufe take.

Mijin wannan ƙanwa direban motar makaranta ne, mai shekara arba'in da huɗu, mutum mai sanyin hali da ba a jin muryarsa ko a gidansa. Litinin zuwa Juma'a yana jigilar 'ya'yan mutane, suna ihu a bayansa suna liƙa masa cingam a kujera. Ranar Asabar kuma ya rataya jitar bes, wadda ke ba kiɗa nauyi daga ƙasa, ya bi wata 'yar ƙungiyarsu ta mutum biyar duk inda aka gayyace su. Shekara ashirin ke nan yana haka. Yana da wata tsohuwar amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, mai taya uku, ta huɗun ta ɓace tun ba a haifi autarsa ba, kuma samanta duk tabon kofin shayi ne. Yana son ta fiye da yadda yake iya faɗa.

Sai ga labari ya zo cewa mai kaɗa wa Uwar Mawaƙa bes ya ajiye aiki saboda ciwon hannu. Uwar Mawaƙa ita ce tsohuwar da ƙungiyarta ke cika manyan zauruka, kuma duk wanda ya shiga cikinta ya gama tashin asuba don ɗumama mota. Wani ya yi mata zancen Direba. Ta aiko cewa za ta leƙo taron da ƙungiyar direbobi ke yi ranar Asabar da la'asar, inda su Direba za su yi kiɗa, za ta zauna waƙa uku, daga nan tana da tafiya. Direba ya san cewa a shekarunsa irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, kuma tsoro ya kama shi sosai.

Labarin bai kwana ba ya isa kunnen zinare. Injiniya ya zo gidan da kansa, ya zauna a kujerar maigida, ya sanar cewa ya yafe duk ayyukansa na Asabar, waɗanda ba a san su ba, don ya riƙe sautin taron. Direba ya dubi matarsa, matar ta dubi ƙasa. Yayanta ne, shi ya tsaya mata a matsayin uba tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ba Direba aurenta. Irin wannan mutum ba a ce masa a'a, sai dai a ce an gode, kuma haka aka ce.

Ranar Asabar tun sha biyun rana Injiniya ya iso zauren. Kafin ya sauke ko waya ɗaya sai da ya kafa sanduna huɗu a tsakiyar zaure ya zagaye teburinsa da jar igiya, ya rataya allo mai cewa ba a magana da Injiniya yana bakin aiki. Sannan ya sa farar safar hannu. Sannan ya buɗe miksar, mai gida goma sha shida, kowane abin kiɗa da gidansa, ya tsaya yana kallonta kamar mai duba jaririnsa a asibiti.

Direba ya turo amfilifayarsa kan dandamali, ya tokare gefen da ba taya da guntun katako, ya jawo makirfo zai ajiye a gabanta kamar yadda ya saba. Injiniya ya hango shi daga nesa ya dafe ƙirji.

"Ajiye wannan makirfo, ƙanena. Wannan aikin 'yan tasha ne. Ku matso duka, yau za ku ƙaru."

Suka matso, har da mai gadin zauren da tsintsiyarsa. Injiniya ya juya amfilifayar ya nuna musu ramuka biyu a bayanta. Ɗaya, in ji shi, ramin lasifika ne, wuta ce tsagwaronta ke fita ta nan, wanda ya kai ta miksa ya ƙone miksa ya ƙone mutuncinsa. Ɗayan kuwa ramin layi ne, inda sauti ke fita da sanyinsa, da ladabinsa, daidai cikin miksa. A nan dole a yi wa Injiniya adalci, gaskiya ya faɗa. Abin da ya rage kawai shi ne bayanin na minti ɗaya ne, shi kuwa ya ci minti arba'in, har da labarin wani babban taro da ya ceta a wata ƙasa da bai ambaci sunanta ba.

Da lokacin haɗawa ya yi ya nemi a yi tsit. Ya ɗaga kan wayar sama kowa ya gani, ya hura masa iska, ya goge shi da hankici, ya cusa shi a ramin layi a hankali. Ya bi wayar taku-taku har teburinsa ya cusa ɗaya kan a gida na bakwai. Ya ɗan dakata ko za a tafa. Mai ganga, wani tela mai son zaman lafiya, ya tafa sau biyu.

Sai Injiniya ya koma kan dandamali ya yi abin da Direba bai taɓa zato ba. Ya kama maɓallin ƙarar amfilifayar ya murɗe shi har ƙasa, ya yanko salatif ya liƙe shi, ya zaro biro ya sa hannu a kan salatif ɗin. Ya bayyana cewa ramin layi ba ruwansa da wannan maɓalli, sauti zai ci gaba da zuwa miksa, amma tsohuwar akwatin ba za ta ƙara buɗe baki a zauren da yake mulki ba.

"Yaya, ko a bar mata ɗan kaɗan," in ji Direba, murya ƙasa-ƙasa. "Ko don tsaro."

"Tsaron me? Ni ne tsaron. Kai da ka san sitiyari, ka taɓa ganin fasinja ya riƙe maka birki? Ka kaɗa abinka, sauran ka bar wa masu shi."

Ya ajiye masa wata 'yar lasifika a gaban ƙafarsa, tana fuskantarsa, don ya riƙa jin kansa. Direba ya taɓa tsirkiya ya ji bes ɗinsa ya fito ta nan tsaf, hankalinsa ya ɗan kwanta.

Aka zo gwaji. Injiniya ba ya gwaji da kunnen banza kamar sauran mutane. Yana da hedifon, wani ƙaton abin sauraro mai rufe kunnuwa ruf, wanda ya ce da shi kaɗai ake jin gaskiyar sauti, don bangon zaure maƙaryaci ne. Ya ɗora shi a ka, ya danna maɓallin da ke kawo gida na bakwai shi kaɗai cikin kunnensa, ya lumshe ido. Bes ya cika masa kai. Ya ɗaga babban yatsa ya ce ko a rediyo ba a taɓa jin irin wannan ba.

Abin da Direba bai sani ba a lokacin shi ne, kowane gida a miksar yana da wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar wake, wanda sai an danna shi sautin gidan ke wucewa zuwa manyan lasifikokin da jama'a ke ji. Na gida shida an danna, na gida takwas an danna. Na gida bakwai yana nan a tsaye abinsa, ba wanda ya taɓa shi. Mai yiwuwa zancensa a rana ta uku ta kwas aka yi.

Mai gadi, wanda ke shara a can ƙarshen zaure, ya ɗaga murya ya ce shi fa yana jin ganga yana jin fiyano, amma wannan mai doguwar jitar hannunsa kawai yake gani yana motsi. Injiniya ya zare hedifon a hankali, ya dube shi da tausayi.

"Baba, sautin ƙasa ba na kowane kunne ba ne. Shi bes ba a jin sa kamar kukan mota. A ƙirji yake sauka, kuma sai ƙirjin da ya waye. Akwai mutanen da za su mutu ba su taɓa jin sa ba, ba laifinsu ba ne."

Shugaban ƙungiyar direbobi, wanda ya shigo duba kujeru, ya yi maza ya dafa ƙirjinsa ya ce shi kam yana jin sa sosai, har yana ratsa shi. Ma'ajinsa ma ya ce ya ji. Mai gadi ya ga manya sun ji, ya ce to wataƙila tsufa ne, ya ci gaba da shararsa.

Ƙarfe huɗu zaure ya cika, direbobi da matansu da 'ya'yansu, mutum wajen ɗari uku. Uwar Mawaƙa ta shigo ba hayaniya, 'yar ƙaramar tsohuwa da tabarau da jaka a hammata. Aka nuna mata babban teburi ta ƙi, ta ce a can ba a jin komai sai gaisuwa. Ta zauna a tsakiyar zaure, bakin hanya, 'yan taku kaɗan daga jar igiya. Direba ya hango ta, ya gyara ratayar jitarsa.

Waƙa ta farko ya kaɗa ta kamar bai taɓa kaɗa komai ba a duniya. 'Yar lasifikar gabansa tana mayar masa da kowane bugu, yana ji yana cewa a ransa yau kam hannu ya yarda. Sai da ya ɗaga kai wajen ƙarshe ya ga abin da bai gane ba. Wannan waƙa ce da ko a gidan makoki sai ƙafa ta motsa, amma jama'a na zaune kamar masu jiran likita. Wasu na duba waya, wata na gyara wa ɗiyarta ɗankwali. A duk zauren mutum ɗaya ne ke rawa, shi ne Injiniya. Idonsa a rufe, kafaɗa na hawa da sauka, yana tura maɓallin ƙarar gida na bakwai sama da kaurin gashi, ya saurara, ya dawo da shi da kaurin gashi, ya gyaɗa kai don gamsuwa. Ba abin da turawar ke canzawa, ko a zaure ko a kunnensa, amma fuskarsa ta nuna an kauce wa babban haɗari.

A waƙa ta biyu Direba ya nemi matarsa da ido. Tana layi na biyu, ta kafe shi da kallo, ta taɓa kunnenta, ta girgiza kai, ta nuna jitarsa ta buɗe tafin hannu wayam. Nan ya gane ba a jin bes ɗinsa a zaure. Ya ga ta tashi ta ratsa mutane har bakin igiya, ta sunkuya tana kiran yayanta. Injiniya bai buɗe ido ba. Ya ji motsin mutum kusa da shi, ya ɗaga farar safa ya nuna allo. Ta ƙara kira, ya ƙara nunawa, wannan karon da ƙarfi. Ta tsaya jim, ta dawo kujerarta fuska a murtuke, ta zauna ta harɗe hannu. Uwar Mawaƙa kuwa ta dubi agogo, ta cire tabarau ta sa a gidansa.

Aka shiga waƙa ta uku. Tsohuwar ta ɗora jakarta a cinya, irin ɗorawar wanda ke jiran a kai aya ya tashi. Direba yana kaɗawa yana kallon salatif ɗin nan da sa hannun surukinsa a kai. Ya san abin da ɓare shi ke nufi. Za a ce ya tozarta yayan matarsa a gaban mutum ɗari uku, za a kira taron dangi, za a tuna masa wanda ya ba shi aure, wataƙila shekara ta zagayo ba a amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa mutum ne da ko canjinsa aka riƙe a shago kunya ke hana shi tambaya. Sai kuma ya tuna safiyar Litinin, da ƙarar yara, da cingam a kujera, da wasu shekara ashirin irin waɗanda suka wuce. Ya ji wani baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai taɓa yarda yana da shi ba.

Uwar Mawaƙa ta miƙe.

Direba ya ja da baya taku biyu, ya bar hannun hagu a kan jita, ya sa farcen dama ya ɓare salatif ɗin. Ya manne masa a yatsa, ya goge shi a wando, ya murɗa maɓallin har inda ya saba kai shi ya ɗan ƙara.

Tsohuwar amfilifaya ta yi gyaran murya ta buɗe baki. Gilasan tagogi suka ɗauki rawa. Tela mai ganga ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashinsa ya sake jiki, mai waƙa ta juyo ta yi murmushi, wata mata a layin baya ta miƙe da goyonta, sai layin gabanta, sai zauren duka. Mai gadi ya jingine tsintsiya ya ce wa na kusa da shi ashe ƙirjinsa ya waye. Uwar Mawaƙa ta tsaya a tsakiyar hanya da jaka a hannu, ta karkata kai gefe guda. Ta koma ta zauna, ta fito da tabarau. Waƙa ta uku ta ƙare ba ta tashi ba, ta huɗu ma ta ƙare tana nan.

Duk wannan Injiniya bai ji bambancin komai ba, don a cikin hedifon ɗinsa bes bai taɓa yankewa ba. Da ya buɗe ido ya tarar da zaure a tsaye ana tafi, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya dafa ƙirji ya rusuna gabas, ya rusuna yamma, har wayar hedifon ta fizge shi baya. Ya gaya wa shugaban direbobi cewa haka aikin gwani yake, sai a hankali yake shiga jikin jama'a, waƙa biyun farko jiƙa su ya yi.

Da aka tashi, Uwar Mawaƙa ta yafito Direba. Ya jingine jitar a jikin amfilifaya ya sauko, ya durƙusa ya gaishe ta a nan bakin igiya, matarsa na tsaye a bayansa.

"Ɗana, waƙa ɗaya da rabi na ji, sun ishe ni," in ji ta. "Ka zo Litinin da ƙarfe goma. Ka taho da wannan tsohuwar akwatin taka, kada ka bari kowa ya liƙe mata baki."

Hawaye suka zubo wa Direba. Matarsa ce ta yi godiya a madadinsa.

Injiniya bai ji zancen liƙe baki ba, don yana can yana cire safa ɗaya saboda girmamawa. Ya ɗage igiya da kansa, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba, ya gabatar da kansa da duk sunayensa.

"Ranki ya daɗe, abin da kika ji yau aikin hannuna ne. Daga ramin layi na ɗauko shi, na tace shi, na auna shi, na raba wa kowane kunne rabonsa. Yaron yana da ƙoƙari, ban hana ba, amma kin san ɗanyen sauti sai an dafa. In ƙungiyarki na bukatar kunne irin nawa, zan duba ko ina da lokaci."

Tsohuwar ta matso kusa da teburin. Ta gyara tabarau, ta sunkuya kan miksar, ta bi gidajen da ido ɗaya bayan ɗaya har ta zo na bakwai. Ta sa ƙaramin yatsanta ta danna ɗan maɓallin nan. Jitar da ke jingine a kan dandamali tana ɗan gurnani ita kaɗai, sai ga gurnanin ya faso ta manyan lasifikoki kamar tirela ta shigo zaure, don Injiniya ya bar ƙarar gidan a can sama. Ya yi tsalle da baya ya ture sanda ɗaya, igiya ta zube. Ta sake dannawa, zaure ya yi tsit. Shugaban direbobi da ma'ajinsa suka sami abin kallo a silin.

Injiniya ya dubi maɓallin, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi maɓallin. Sai ya sunkuya ya fara tattara jar igiyarsa.

Uwar Mawaƙa ta maƙale jakarta a hammata, ta dube shi ta saman tabarau cikin ladabi.

"Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Shekara arba'in ina wannan sana'a, amma yau na fara ganin an tara mutum ɗari uku a zaure don su kalli mutum ɗaya yana jin kiɗa."